Rigar Ƙarshen Layi

Mu matan Lumbila masu kai kabeji da latas Wagadugu a kan keke, riga ɗaya gare mu mai ƙyalli, ruwan ɗorawa, irin ta masu gyaran titi. Ba a jiki muke sa ta ba. Kwandon da ke bayanki ya fi ki tsawo, wa zai gan ta? Kwando ake sa wa, na wadda ke ƙarshen layi, don ita fitilar tirela ke fara haskawa da asuba. Kuma tun da na tashi, wadda ta fi kowa nawa ita ce a ƙarshe, sauran su bi tafiyarta.

Nopoko ce ke ɗauke da rigar. Ta tsufa, gwiwa ta ƙi, kekenta kuma kukansa ya fi gudunsa. Ita ta koya wa rabinmu ɗaurin kwando da tsohuwar roba, har da Sibdu shugabarmu.

Wata asuba muna ɗaure kaya a bakin madatsar ruwa, Sibdu ta zare rigar daga kwandon Nopoko ta sa wa na ƙanwarta Rasmata.

"Sibdu, lafiya?" in ji Nopoko.

"Lafiya lau, Iya. Kullum sai masu otal sun gama saye muke isa, latas ya zama tsumma. Daga yau Rasmata ce ƙarshen layi. Wadda ta faɗa bayan riga, ba da mu take tafiya ba."

"To ni wa zai gan ni?"

"Ai kekenki ba ya shiru. Direba ya ji ki."

Wasu suka yi dariya. Raina ya ɓaci, na ce, "Haba Sibdu! Matar nan fa ta goya ki."

Ta dubi cikina, wanda ya riga ya fito, ta ce, "Talato, ki ji da kayan da ke gabanki. In tausayi ya dame ki, sauka ki tura ta."

Nopoko ba ta ƙara roƙo ba. Ta cire farin ɗankwalinta ta ɗaura a kwando, muka hau titi. Har gindin hawan nan na bayan gada ina jin ƙiiƙii ɗin kekenta a bayanmu. Daga nan ban ƙara ji ba.

Da rana muna dawowa muka tarar da kabeji a warwatse a wurin, awaki na ta ci. Keken na cikin kwalbati, ya nannaɗe. Mai sayar da fetur a kwalba ya ce direban tirelar da ta buge ta ya yi ta rantsuwa bai ga kowa ba, kuma tsohuwar ba ta kai asibiti ba.

Sibdu ta fi kowa kururuwa, har da birgima a ƙasa. Da ta gama ta karkaɗe zaninta, ta ce wa Rasmata ta kori awakin ta tsince kabeji masu kyau, a yi wa 'yan makoki miya. Aka kuwa yi. Na ga mutane suna tanɗe hannu, ni ko ruwan gidan makokin ban sha ba.

Na ɗauka bayan wannan rigar za ta koma inda aka san ta. Ina! Ranar da muka koma aiki tana nan a kwandon Rasmata.

A hawan nan ƙafata ta yi nauyi, ɗan cikin ya tokare min numfashi. Ɗaya bayan ɗaya suka wuce ni. Sai Rasmata ta zo daidai kafaɗata.

"Gafara dai, Yaya," ta ce, ba ta ko dube ni ba.

Ban taɓa ganin rigar daga baya ba sai ranar. Ashe haka take ƙyalli, tsoro ya sa har na ga kyanta. Sai fitilar tirela ta hasko ni daga baya, na ga inuwata ta miƙe a gabana kan kwalta, ƙasa na rawa. Na saki titi na faɗa cikin ciyawa, ni da keke da kwando, na rungume cikina. Tirelar ta wuce, ko hon ba ta yi ba.

Na ɗaga kai ina kallon rigar tana ƙanƙancewa a kan tudu. Ba wadda ta waiwayo.