Mayafin da Sifana Ya Kasa Rufewa

"Ka sake zubar da shi! Kai wai wannan hannu ne ko shebur?"

Sifana ya duƙa yana laluben madaukin zaren da ya sulluɓe daga kan tsinke. Ƙato ne, makanike, wanda shi kaɗai yake sauke giyar mota ba ya neman taimako. Amma ga shi a kan 'yar kujerar roba a ɗakin Inna Mai Ulu, gwiwoyinsa sun kusa taɓa haɓarsa, yana haɗa gumi a kan jan zare.

"Inna, zaren ne ke da santsi."

"Zaren ƙalau yake. Tun kafin ka yi gemu nake saƙa da shi, bai taɓa guje min ba."

Inna tana kwance, an tokare ta da matasai. Ƙofarta na kallon ƙofar su Sifana a hawa na sama, kuma babu yaron da ya tashi a benen nan bai sa saƙarta ba. Da zafi ya shigo takan bi ƙofa-ƙofa ta karɓe rigunan da suka yi wa yara kaɗan, ta warware, ta wanke zaren, ta shanya a baranda. Da damina ta naɗe shi curi-curi ta cusa a gwangwanayen biskit. Iska na fara juyawa ta hau saƙa. To bana ciwo ya riga sanyi zuwa. Yatsunta suka sandare alhali ba ta wuce taƙi ɗaya ba a mayafin wuyan Auta, 'yar Sifana, yarinyar da sanyi ko kaɗan ya taɓa wuyanta sai tari ya hana ta makaranta.

Maman Auta ce ta fara karɓar tsinkayen. Ba ta gama layi biyu ba Inna ta ce ta koma wurin tukunyarta, can Allah ya ajiye basirarta. Shi kuwa Sifana tsautsayi ne ya kawo shi gyaran fanka. Inna ta ga yadda ya ɗaura wani ɗan mitsitsin noti da waɗannan manyan yatsu, ta ce, "Wanke hannunka, ka zauna." Ya zauna, bai sake samun kansa ba.

Kullum da yamma in ya dawo daga gareji, zai dirje baƙin mai da sabulu, ya ɗauki kwanon miyar da Maman Auta ta dafa wa Inna, ya tsallaka. Miyar kuwa ba laifi. Kaza ce ake dafawa har ta saki ƙashi, da albasa da karas da dankali an murƙushe don ta iya haɗiyewa. Sai dai likita ya hana gishiri, Maman Auta kuwa in likita ya ce a'a, ko ƙwaya ba za ta shiga ba.

Inna ta kurɓi cokali ɗaya ta yamutsa fuska. "Gaya wa matarka na gode da ruwan wanke-wanke."

"Inna, mayafin nan fa ya kai. Na gwada a wuyana ma ya zaga. Ki nuna min yadda ake rufe bakinsa."

Matsalar ke nan. Ya iya ɗorawa, ya iya juyawa, har canza launi ya iya. Abin da bai iya ba shi ne yadda ake sauke saƙa daga kan tsinke ba tare da ta warware ba. Ya taɓa gwadawa da kansa a gida, ya zare tsinken a hankali, yana ji yana gani aikin yammaci uku ya koma zare.

"Rufe baki ba aikin mai gaggawa ba ne," in ji Inna. "Kuma mutum ba ya koyarwa da baki salam."

Ta kalle shi, ya kalle ta. Washegari ya zo da ɗan gishiri a kwalin ashana, yana waige-waige sai ka ce ɓarawon akuya. Inna ta barbaɗa, ta shanye miyar tas, ta suɗe cokali, ta sa masa albarka shi da zuriyarsa. Da ya miƙo tsinkayen sai ga ta tana minshari. Wai barci ya kwashe ta.

Haka aka yi ta yi. Yau ta gaji, gobe hasken ɗakin bai isa ba, jibi ai jan zaren ya ƙare, sai an ƙara shuɗi don kada yarinya ta yi kama da barkono. Bayan shuɗi aka shiga kore, bayan kore aka shiga wani ruwan ƙasa da ita kanta Inna ta ce ba ta san daga rigar wa ya fito ba. Mayafi ya sauka daga cinyar Sifana, ya kwanta a leda, ya bi ƙarƙashin gado. Mai shigowa gaida Inna sai ya tsallaka shi.

A gareji kuma an samu abin yi. Wata rana ya zaro tsumma daga aljihu zai goge hannu, curin zare ya biyo shi ya gangara har ƙarƙashin motar wani direba. Mai facin taya ya yi dariya har ya zauna a ƙasa. Tun daga ranar ya koma "Hajiya Sifana", kowa ya zo wucewa sai ya ce a saƙa masa safa. Ya shanye, don ba su ne ke jin tarin Auta ba.

Sanyi kuwa bai jira kowa ba. Da safe ruwan famfo ya fara cizo, Auta ta fara 'yar gyaran murya.

"Baban Auta, ka naɗa mata haka nan mana," in ji matarsa.

"Da tsinkayen? Ta je ta tsokane wa 'yar mutane ido a aji?"

"To ka tambayi matar tela, ita ma tana ɗan taɓawa."

"In Inna ta ji na kai saƙarta wurin matar tela, wallahi sai ta tashi daga gadon nan."

"Ai da ka yi mata magani." Ta juya miya, ba ta ko kalle shi ba. "Kuma kwalin ashanar nan da kake cikawa a bayan idona, ka daina ɗiba da jiƙaƙƙen hannu, kana dunƙule min gishiri."

Ranar ya tsallaka da shirin faɗa. Ya tarar Inna ta ƙara shigewa cikin matasai, fuskar ta koma 'yar mitsila. Ko rabin miyar ba ta sha ba, duk da gishirin. Faɗan ya fita daga ransa, amma dai ya daure ya yi magana.

"Inna, tsakani da Allah. Yarinyar nan ta fara tari. Na kawo gishiri, na gyara fanka, na gyara rediyo, an mayar da ni Hajiya a wurin aiki. Me ya rage?"

"Gobe," ta ce, muryar can ƙasa. "Gobe da ikon Allah. Ka zo da almakashi mai kaifi, ba irin na matarka ba."

"Kin faɗa fa."

"Na faɗa. Yanzu ɗora wani layin, ƙarar tsinken na sa ni barci."

Ya ɗora. Tsinkaye suna ƙas-ƙas, rediyo na magana shi kaɗai, Inna ta lumshe ido. Ya yi layi biyar ko shida, ya ja mata bargo, ya fita a hankali.

Da safe Maman Auta ta kai mata ruwan zafi, ta dawo ta tsaya a bakin ƙofa da butar a hannu. Inna ta cika cikin dare. Sifana yana riƙe da almakashin da ya aro wurin wanzami, ya zauna a bakin gado. Abin da ya fara fitowa daga bakinsa, Allah ya yafe masa, shi ne, "Ta kuwa yi min!" Sannan ya fashe da kuka kamar yaro.

Bayan an kai Inna, mutane sun ragu, babbar 'yarta da ta zo daga nesa tana tattara ɗaki sai ta jawo mayafi daga ƙarƙashin gado. Ta yi ta ja, ta yi ta ja.

"Ikon Allah! Wannan na raƙumi ne?"

"Na Auta ne," Sifana ya ce daga bakin ƙofa. "Rufewa ce ba a nuna min ba."

"Au, kai ne ɗalibin? Zo, ɗan'uwa, zauna."

Ta nuna masa. A saƙa biyu, a ɗaga na farko a tsallake da shi kan na biyu. A saƙa ɗaya, a sake tsallakewa. Ya karɓa ya ci gaba, madaukai suna sauka ɗaya bayan ɗaya, kafin shayin da aka zuba masa ya huce ya kai ƙarshe.

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan. Yanke zaren ka ja ta ciki."

"Wannan ɗin? Wannan ne na yi ta satar gishiri a kansa?"

Ta yi dariya tana share ido da bakin mayafinta. "Ta gaya min a waya. Ta ce ta samu wani ƙato mai taurin kai, in ta sallame shi ba ta san da wa za ta riƙa faɗa da yamma ba."

Sifana ya daɗe da almakashin a buɗe, zaren na tsakiya. Haushi yake ji, haushi na gaske, kuma da za a dawo masa da ita da ya yarda ya saƙa har bakin titi. Ya datse.

Washegari aka tashi da sanyi sosai. Maman Auta ta yi ta naɗa wa yarinyar mayafin, ja, shuɗi, kore, har idanu kaɗai ake gani, amma bai ƙare ba. Ta gaji ta ce ta tafi haka kada ta makara. Sifana ya tsaya a bakin ƙofa da kofin shayi. Auta ta sauka matakala da jakarta, ana jin takunta har ta kusa ƙasa, jelar mayafin kuwa tana nan tana jan jiki a hankali a gaban rufaffiyar ƙofar Inna.