Koriyar Fitila a Tashar Tsuruhashi

Shekara talatin ina sayar da taliya a tashar jirgin ƙasa ta Tsuruhashi, biyar daga ciki na yi su ina kallon ƙanena Shigeo yana kashe ƙafafunsa da yawo. Na yi magana har bakina ya gaji.

Ɗa ɗaya gare shi, Haruhiko. Da ya faɗi jarrabawar shiga jami'a karo na biyu, Shigeo ya gaya masa a wurin cin abinci, a gabana, cewa hannun da ya saba da na'urar wasa ba zai taɓa riƙe abin kirki ba. Washegari Haruhiko ya bar wayarsa a kan shimfiɗa, ya ɗauki na'urar ya fice. Ba mu sake jin ɗuriyarsa ba.

Na'urar irin mai ninkewar nan ce, wadda a lokacin kowa ke da ita. In ka rufe ta ka sa a aljihu, ka gifta mai irinta, sai su gaisa da kansu: koriyar fitila ta kama, hoton mutumin ya shigo taka da sunansa, naka ya shiga tasa da 'yar gaisuwar da ka rubuta. Shigeo, da ko inda ake kunnawa bai sani ba, ya je ya sayo ɗaya. Ya rubuta, "Babanka ne, dawo gida," ya shiga bin tashoshi da ita.

A wata na takwas da fara yawon, fitila ta kama, sunan Haruhiko ya fito. Ya garzayo wurina.

"Yaya, yana raye. Nan ya wuce ta gefena."

Ya karaɗe tashar bai gan shi ba. Amma ya riƙe ranar, tara ga Yuni, kamar ranar haihuwa.

Sai wayoyi suka cinye kasuwa. A da Shigeo yakan dawo da gaisuwa arba'in a yini, ta koma goma, har ya zama sai ya yi mako fitila ba ta ƙyafta ba. Shiga kowane tarago ka gani, kawuna a sunkuye, ana ta dangwalar waya da babban yatsa.

"Kai da wa kuka rage?" nakan ce masa. "Ko jikokin mutane sun yar da abin nan. Zauna ka ci, gwiwoyinka sun fi ka hankali."

"Shi ba zai yar ba, Yaya. Ita kaɗai ya ɗauka."

Haushi yake ba ni, tausayinsa kuma yana hana ni sakat.

Wata Talata da rana ana ruwa, yana tsaye a teburina, fitilar ta kama. Ya buɗe, sai ga sunan Haruhiko. Ya waiga. Mutum ɗaya ne a wurin, wani mai tabarau ɗan shekara arba'in, yana zuƙar romo. Shigeo ya kama hannun rigarsa, abin da bai taɓa yi wa baƙo ba.

"Yi haƙuri, bawan Allah. Akwai na'urar wasa a jikinka?"

Mutumin ya zaro ta daga jaka, yana jin kunya. Ya ce shi mai tara tsofaffin kayan wasa ne, ɗazu ya tsinto ta a kwandon tarkacen wani shagon kayan hannu, ya kunna don ya gwada. Ko sunan mai ita ba a goge ba.

"Ta ɗana ce," in ji Shigeo. "Yaushe ya sayar? Jiya? Shekaranjiya?"

"Ai ta daɗe, Baba. Mai shagon ya ce ba mai tambayar irinta yanzu, kowa waya." Ya juya bayanta. "Ga takardar da suke liƙawa ranar da suka karɓi kaya."

Shigeo bai zo da tabarau ba, sai ya miƙo mini. Na so in yi masa ƙarya, amma mutumin yana tsaye yana kallo. Takardar har ta yi ja don tsufa. Na karanta shekarar, ita ce wadda sunan Haruhiko ya fara fitowa, sannan na ce goma ga Yuni.

Shigeo ya dafa teburin da hannu biyu.

"Kashegari ke nan," ya ce. "Ashe ya karanta saƙona, Yaya."