Baiwa Ta Ɗauke Ƙyaure

Duk wanda ya san bakin tafkin Madarumfa ya san Asabe mai suyar kifi. Hayaƙi ya ci idanunta har sun koma ja, gwiwoyinta kuma sun fara yi mata gardama. Shi ya sa da ta tara abin da ta tara, ba ta sayi saniya ba, ba ta sayi gwal ba. Ɗaki ta gina a filin da ta gada, na bulo da siminti, da rufin kwano da ƙyauren ƙarfe shuɗi. Niyyarta ta zuba ɗan haya, ranar da ƙafa ta ƙi zuwa bakin tafki, ɗakin ya ciyar da ita.

Fenti bai gama bushewa ba sai ga Gwamna daga Gabi da amalanke cike da buhunan wake. Ɗan kawunta ne, wato taubashinta, kuma tun suna yara yake kiranta baiwarsa, kamar yadda ɗan namiji yake tsokanar ɗan mace. Ya ce a ajiye masa waken kwana biyu kafin farashi ya tashi. Kwana biyun Gwamna kuwa ba shi da ranar ƙarewa. Wake ya shiga, tabarma ta bi shi, sai buta da rediyo, daga ƙarshe mai waken da kansa ya tare.

In ta yi masa maganar ɗaki sai ya bushe da dariya.

"Ke baiwa, mi kike cewa? Abin da baiwa ta gina ai na ubangijinta ne. Allah shi yi miki albarka, kin iya zaɓen wuri mai iska."

Jama'a su yi dariya, ita ma dole ta yi yaƙe. Abin yana ci mata rai ƙwarai, amma wa zai kai taubashi ƙara? Mahaifiyarta ma cewa ta yi, "Ɗan wana ne, Asabe. Kada ki ja mini abin kunya."

Ana nan sai aka turo wata malama, Madam Farida, koyarwa a Madarumfa. Ta ga ɗakin daga waje, ya yi mata. Ta ce kafin a buɗe lakkwal, wato makaranta, take son shiga, in bai samu ba za ta nemi wani, don masu ɗakuna ba su ƙare ba. Asabe ta san irin wannan ɗan haya mai albashi ba kullum yake faɗowa ba.

Ranar tana juya kifi a kasko tana juya maganar a zuciya. Gwamna da wasa ya shiga. To, ashe ba shi kaɗai aka haifa taubashi ba.

Da la'asar ta kira Delu, abokiyar suyarta, mace mai ƙarfi kamar ingarma. Suka tarar da Gwamna a inuwar ƙofar ɗakin yana dara da mutanen unguwa, ƙyaure a buɗe. Irin ƙyauren nan ne da in an ɗaga shi sama yake fita daga maratayinsa. Kai tsaye suka nufe shi. Suka kama, suka ɗaga, Delu ta aza mata shi a ka.

Gwamna ya miƙe zumbur. "Kai! Asabe, lahiya? Ina za ki da shi?"

"Ranka shi daɗe, baiwarka ta ga zahi ya dame ka. Na buɗe maka iska."

Masu dara suka kwashe da dariya har wani ya kifar da 'ya'yan darar. Gwamna ya dubi masu dariyar. In ya yi fushi, gobe duk Gabi za a ji cewa taubashiya ta yi masa wasa ya kasa ɗauka, wannan kuwa ya fi asarar wake ciwo. Sai ya yi dariyar da ba ta kai ciki ba.

Asabe ta wuce gida da ƙyaure a ka, wuyanta yana zafi, ba ta waiwaya ba.

Awakin unguwa ba su san taubashi ba. Kafin rana ta faɗi sun gano ƙofar, washegari kuma sun gayyato 'yan'uwansu. Gwamna ya wuni da sanda a hannu, ba kasuwa, ba dara, ko masallaci sai da gudu. Ya aika a roƙe ta, ta ce a gaya wa ubangijinta baiwa tana gaishe shi.

Da ya ga uwar bari, ya nemo amalanke. Asabe ta zo da ƙullin soyayyen kifi mai zafi, ta taya shi ɗora buhu, don ba ta so ya tafi da ɗaci. Da aka ɗaure kaya, shi da kansa ya kama ƙyauren tare da Delu suka mayar da shi mazauninsa. Ya buɗe, ya rufe, ya shafa fentin da tafin hannu.

"Kin yi gini, Asabe," ya ce, wannan karon ba da wasa ba. Sai kuma halin ya dawo. "Amma duniya ta lalace, baiwa ta kori ubangijinta."

Asabe ta karɓi makullin daga hannunsa, ta ƙulle shi a bakin zanenta.

"Ba korarka na yi ba, Gwamna. Fansar kaina na yi."