Shekara da Tafkin Gabas

A zamanin da ayarin fatake ke ratsa Matameye tsakanin Kano da Damagaram, tun Nasara ba su iso ba, an yi wata mata a garin mai suna Shekara, sana'arta cire kurkunu. Da kan tsutsar ya leƙo daga ƙafar mutum, sai ta ɗaure shi a tsinke, kullum ta naɗe kaɗan, wani sa'in har wata guda kafin ta fito duka.

Wata damina kurkunu ya kwantar da mijinta Rabi'u ana tsakiyar noman fari. Tsutsa ɗaya ta tsinke a cikin gwiwarsa, wurin ya kumbura ya yi ruwa, da ya tashi ƙafar ba ta ƙara lanƙwasuwa ba. Ciyawa ta cinye gonarsu. Shekara ta ji haushin kanta: shekara ashirin tana cire abin nan, ba ta san ta inda yake shiga mutum ba.

Daga nan duk wanda aka kawo mata sai ta tambaye shi inda yake shan ruwa. Ta aje ƙwarya biyu a ɗaki. In ya ce tafkin gabas, ta jefa tsakuwa a ɗaya, in ya ce rijiya mai zurfi ta bayan marina, ta jefa a ɗayar. Ta taka har Kurni da Dawce tana tambaya. Kafin kaka ƙwaryar tafki ta cika, ta rijiya kuwa tsakuwa uku ce a ciki.

Ranar kasuwa ta faɗa wa mata cewa kurkunu a ruwan tafki ake shan shi. Illa, babban wanzamin garin, wanda yake yi wa masu ciwon tsaga, ya kai ƙararta wurin mai unguwa.

"Ranka ya daɗe," in ji Illa, "a jini yake, damina ke tayar da shi. Shekara hamsin ina shan tafkin nan, ko ƙurji ban taɓa yi ba. Masu shan rijiyar da take faɗi marina ne, ba su noma, ba su taka laka. Ta ina ciwon zai same su?"

Maganar marinan ta kama Shekara.

"Wannan ka yi gaskiya, Malam Illa," ta ce. "To a ba ni gidajen manoma, masu taka laka. Su bar tafki, su sha rijiya kawai, mu gani."

Mai unguwa ya ce shi ba zai tilasta wa kowa ba, kuma kada ya sake jin ta ɓata tafkin gari a kasuwa.

"Kasuwa taku ce, ranka ya daɗe," ta ce. "Gidajen mutane kuwa da sallama ake shiga."

Gida bakwai suka yarda. Rijiyar da nisa, ga zurfi, ga ɗanɗanon kanwa. Kafin rani ya ƙare gida biyu sun koma tafki. Sauran biyar Shekara ta riƙe su da roƙo da faɗa, wata rana ita ke ja musu guga har tafin hannunta ya tsage. In maza za su gona, sai ta tsaya ta ga an cika musu gora.

Damina ta faɗi, kurkunu ya fito musu kamar kowa. Mutum tara cikin gidajen biyar.

Illa bai ma yi dariya ba, cewa ya yi a bar baiwar Allah ta huta. Wannan ya fi yi mata ciwo. Zainabu, uwar ɗaya daga cikin gidajen, ta zo ta tsaya mata a ƙofa ta ce, "Kin sa mun sha wuya a banza, Shekara."

Tana cikin wannan baƙin ciki aka kawo mata wani falke, kurkunu biyu a idon sawunsa. Ta yi masa tambayar da ta saba. Ya ce ai shi wata goma sha ɗaya yana arewa wajen gishiri, can babu tafki, rijiya ce kawai. Rabonsa da ruwan tafki tun daminar bara, a nan Matameye.

Ta sa ya maimaita. Ta ƙirga watannin da yatsunta. Ashe abin shekara yake yi a jiki kafin ya fito. Wanda ya fito wa mutanenta bana, tun bara suka sha shi, kafin su bar tafki.

Ko tsinken ba ta aje ba ta nufi gidan Zainabu.

"Ki ba ni damina ɗaya, Zainabu. In ya sake fito muku, na daina taɓa ƙafar kowa a garin nan."

"In kin daina, wa zai cire mana?" in ji Zainabu. Ta yi tsaki, amma ta ɗauki tulu ta yi hanyar rijiya.

Damina ta zagayo. A gidajen biyar, mutum arba'in da ɗoriya, ɗaya kaɗai ya kwanta, shi ma ya amsa cewa ƙishi ya sha kai shi tafki in yana gona. Maƙwabtansu kuwa kusan kowane gida da mai jan ƙafa.

Shekara ta je gaban mai unguwa ba tare da an kira ta ba, ta lissafa gidajen da sunayensu. Illa ya ce dace ne. Mai unguwa ya ce ko da haka ne, rijiya ɗaya ba ta shayar da gari.

"Na sani, ranka ya daɗe," ta ce. "Abin da ke cikin ruwa ƙila ƙyalle ya tare shi. Ina son gida goma da za su riƙa tace ruwan tafki da zane mai ƙaramin ido, damina biyu."

"In na hana fa?"

"Na riga na samu shida," in ji Shekara.