Lemon Baban Linda

Tambaya na tura ƙofar siton, wani tsami ya daki hancinta. Ta yaye jiƙaƙƙen buhun da ta lulluɓa, sai ga fumfuna kore shar ta kama lemon.

"Na shiga uku!"

Lemon Titus ne, wato Baban Linda, maƙwabcinsu ɗan Binuwai da ya daɗe yana kawo lemo Kura. Kafin ciwon hanta ya kwantar da shi ya sauke mota guda, ya ce idan ta Allah ta kasance, da shi matarsa Sabina za ta riƙe yara. Da za a kai shi asibiti ya miƙa wa Tambaya makulli, ya ce kada ta bari zafi ya taɓa kayan. Ita kuwa 'yar masu lambu ce daga Kadawa. Abin da ake yi wa alayyahu da salak shi ta yi: yayyafi safe da yamma, ta rufe da buhu.

Jiya aka dawo da shi gida. Likita ya ce a je a yi ta addu'a.

"Maman Amiru!" Sabina ce ta leƙo ta katanga. "Yana kiranki. Wai ki taho masa da lemo ɗaya."

Tambaya ta tona har ƙasa kafin ta sami mai lafiya. Ta same shi kwance a tabarma, idanun nan rawaya. Ya karɓa, ya shinshina.

"Kin ba shi ruwa."

"Baban Linda, wallahi ni..."

"Ku mutanen lambu! Ko dutse aka ba ku ajiya sai kun yi masa ban-ruwa." Dariya ta zame masa tari. "Duka ya tafi?"

"Na sama ne. Na ƙasa ban sani ba."

Sabina ta ɗora hannu a ka za ta kurma ihu.

"Ajiye kukan, za ki buƙace shi," in ji shi. "Ku fitar da ni tsakar gida."

Suka jingina shi da bango. Tambaya ta zagaya gida-gida ta tattaro mata, aka yi ta jido lemo a daro. Muryarsa ƙasa-ƙasa, Sabina na maimaitawa da ƙarfi. Wanda ya yi taushi a kai shi nesa a binne. Mai tauri a tsoma a ruwan kanwa mai ɗumi, a shanya a inuwa. In ya bushe a shafe shi da ruwan ƙaro, ya toshe ƙofofin ɓawon.

"Kada wani lemo ya taɓa ɗan'uwansa," ya ce. "Sabina, kina ji? Ke za ki yi baɗi."

"Ina ji."

Da la'asar tulin na zubarwa ya kusa kai wanda aka tsira da shi. Tambaya ta ɗago wani mai ɗan tabo.

"Baban Linda, wannan fa? A bari ko a yar?"

Kansa ya langaɓe gefe.

Sabina ta je ta durƙusa, ta taɓa wuyansa, ta ja zane ta rufe masa fuska. Matan suka miƙe cirko-cirko, ruwan kanwa na ɗiga daga hannuwansu.

Sabina ta dawo ta karɓi lemon daga hannun Tambaya, ta jujjuya shi, ta matsa da babban yatsa. Sannan ta tsoma shi a daro.