Ranar da Aka Miƙa wa Sa'ida Makirufo

Shekara ashirin da bakwai ke nan da Sa'ida ta haifi Mikail, amma ko sau ɗaya sunansa bai taɓa fita daga bakinta ba. Ɗan fari ne. A gidan da ta tashi, can cikin Gwammaja, uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta yabonsa gaban mutane, kai ko kallon kirki ba ta yi masa. Ana yaye shi mahaifiyarta 'Yardada ta zo ta goya abinta ta tafi. Sa'ida na ɗaki tana jin kukansa har suka sha kwanar lungu, ba ta leƙo ba. Mata suka yi ta sa mata albarka, wai ga yarinya mai kunya.

Bara 'Yardada ta rasu. Mikail ya tattaro littattafansa ya dawo gidan marigayi ubansa a Ƙofar Na'isa, ya tare a ɗakin zaure. Gidan daga Sa'ida sai autarta Ikram. In tana son magana da shi, sai ta dubi Ikram ta ce, "Ki ce da wancan abinci na hucewa." Alhali ga shi nan tsaye, yana ji.

Malamin firamare ne, amma ransa na wurin wasan kwaikwayo. Suna da 'yar ƙungiyarsu ta samari da 'yan mata, wani tsohon hedimasta, Malam Babagana, shi ne uban ƙungiya. To, sai ga wasu masu wasa daga Kaduna sun nemi Mikail ya koma can gaba ɗaya ya riƙa rubuta musu. Bai ce e ba, bai ce a'a ba. Ikram ce ta kawo maganar, Sa'ida na tankaɗe.

"Umma, Yaya ya ce ranar Asabar bayan la'asar za su nuna sababbin wasanni uku a filin makarantarsu. Ya ce in kin zo kin gani, sannan zai san amsar da zai ba mutanen Kaduna."

"Ni mene ne nawa a ciki?"

"Umma ke nan. Ai naki ne duka."

"Ke dai bakinki ya girme ki."

Ta ci gaba da tankaɗe kamar ba ta ji ba. Amma ta ji, ji kuwa na sosai. Shekara guda tak ta samu tana jin tarinsa a gidanta, tana ganin takalmansa a bakin zaure. In ya tafi, ta san ba mai riƙo ba ce za ta ɗauke shi wannan karon, balle a sa ran dawowa. Tun ranar Alhamis ta ciro atamfarta ta ƙasan akwati ta shanya, ta ce wa Ikram wai warin ajiya take yi.

Ranar Asabar fili ya cika. An kafa rumfa, mata gefe guda a kan tabarmi, maza a kan bencin 'yan makaranta. An ɗaura zannuwan gado biyu jikin igiya, su ne labule. Sa'ida ta so ta ɓuya can baya, sai Hajiya Nana Hauwa, aminiyar marigayiya 'Yardada, ta hango ta.

"'Yar aminiyata, zo nan kusa da ni. Kin zo ganin shirmen jikan nawa?"

"Rakiyar Ikram na yo, Hajiya."

"Haka ake so," in ji tsohuwar, ta dafa gwiwarta.

Wasa na farko na wasu marina biyu ne a Ƙofar Mata, abokai tun ƙuruciya. Ɗayansu idonsa ya tafi, amma bai bar zuwa bakin ramin rini ba. Kullum in ya tsamo zane, abokin sai ya ce, "Kai, wannan baƙi! Ba mai kama ka a garin nan." In ya tafi salla, sai abokin ya sake rina zanen a ɓoye. Sa'ida ta ji wasan har cikin ƙashinta. Na biyu kuwa dariya ce zalla: saurayi ne shekara uku yana zuwa zance, kullum labarin babur ɗinsa yake ba yarinya, har kakarta ta gaji ta fito da muciya ta ce ko ya faɗi abin da ya kawo shi ko ya auri babur ɗin. Sa'ida ta yi dariya har sai da ta toshe baki da mayafi. Tana dariyar tana cewa a ranta, wai duk wannan daga kan yaron nan ya fito?

Aka ja zannuwa, aka sake buɗewa. Wata yarinya mai suna Fanna ta fito da shigar uwa, ta zauna gaban tukunya. Kafin ta yi magana ta yi gyaran murya sau biyu. Ikram ta juyo ta saci kallon uwarta, don duk wanda ya san Sa'ida ya san wannan gyaran muryar.

Uwar cikin wasa ta ce da 'yarta, "Ki ce da wancan abinci na hucewa." Fili ya ɗauki dariya. Sai ta waiga ta ga ba mai kallonta, ta tsamo tsoka mafi girma a tukunya, ta tura ta can ƙarƙashin tuwon ɗan, ta rufe da miya.

Sa'ida ta sunkuyar da kai. Shekara guda tana yin haka, ko Ikram ba ta sani ba. Ashe ya sani. Ashe duk tsokar da ya tono ya san hannun da ya binne ta.

Wasan bai yi tsawo ba. A ƙarshe ɗan ya shigo da jakar tafiya, ya durƙusa, ya ce, "Inna, tafiya ta kama ni. In kin ce in zauna, zan zauna." Uwar ta ci gaba da juya tukunya. Sannan ta ɗago ta kira shi da sunansa, ta ce ya ajiye jakar. Mata suka yi ta sharar hawaye. Hajiya Nana Hauwa ita kaɗai ta ja tsaki.

Malam Babagana ya karɓi makirufo. Mutumin kirki ne, sai dai a gidansu ba a yin irin wannan kunyar, bai ga wani abu a ciki ba.

"Jama'a, kafin kowa ya faɗi ra'ayinsa, mahaifiyar marubucinmu tana nan. Hajiya Sa'ida, yaya kika ga aikin ɗanki?"

Makirufo ya bi hannu hannu har ya iso cinyarta. Tana hango Mikail tsaye bakin labule, ya rungume littafinsa a ƙirji. Maganar tana nan a bakinta, gajeriya ce, ko kalma biyar ba ta kai ba. Amma ga Hajiya Nana Hauwa a dama, ga matan Gwammaja a hagu, duk waɗanda suka san uwarta, duk sun zubo mata ido. Ta ji kamar an ce ta tuɓe mayafi a tsakiyar kasuwa.

Ta yi gyaran murya sau biyu. Yara suka tuntsire da dariya.

"To, Malam, yaran da suka yi na marina sun yi ƙoƙari, Allah ya yi musu albarka. Na ƙarshen nan kuwa, ni ban ga abin kallo ba. Uwar ba ta da kunya. Wanda ya rubuta kuma rashin aikin yi ne ya dame shi."

Aka bushe da dariya, har da tafi. Hajiya Nana Hauwa ta ɗaga murya, "Jinin 'Yardada ke nan! Ba a canza ta ba!" Malam Babagana ya ce lallai iyaye sun iya barkwanci. Mikail ma ya yi murmushi. Ya naɗe littafin ya cusa a aljihu, ya shiga kwance zannuwa daga igiya.

Bayan magariba ya shigo gaishe ta kamar kullum, ya durƙusa bakin ƙofa. Babu Hajiya Nana Hauwa, babu matan Gwammaja. Ikram ma da gangan ta shige madafi. Ya daɗe a durƙushe, fiye da yadda gaisuwa ke buƙata. Sa'ida ta buɗe baki, abin da ya fito shi ne, "A rufe ƙofar zaure, awakin maƙwabta na shigowa."

"To, Umma," ya ce. Ya tashi ya rufe.

Kwana tara bayan nan ya tafi Kaduna. Ya yi sallama da ladabi, ta ce Allah ya kiyaye hanya, idonta na kan tsintsiya.

Wata biyu da tafiyarsa, da hantsi, tana tsintar shinkafa Ikram ta zo ta zauna kusa da ita da waya a hannu.

"Umma, sun nuna wasannin Yaya a can. An turo mini."

"Ni ina ruwana," ta ce, amma ta matso.

Ga marina, ga mai babur, duk yadda suke. Da aka zo na uku, sai aka buɗe labule a kan saurayi shi kaɗai a ɗaki. Sa'ida ta yi ta jiran uwar ta fito. Wani a cikin wasan ya tambayi saurayin ina mahaifiyarsa, ya ce ai tun yana goye ta rasu, bai san ta ba, amma ana cewa mutuniyar kirki ce.

"Ya cire ta," in ji Ikram a hankali. "Umma, in kira miki shi? Ba kowa a gidan. Ni ma sai in fita."

Sa'ida ta dubi wayar ta daɗe. Hannunta ya taso daga faranti, ya tsaya, ya koma.

"Bar shi," ta ce. "Yana cikin mutane."