An Ceto Kowa

Tun ranar da benen ya rufta, mai ɗinki ta rufe shagonta ta tare a bakin ɓaraguzan. Ƙanenta magini ne, yana filasta a hawa na biyu abin ya faru. An zaƙulo mutum tara, shi shiru.

A rana ta uku da hantsi ɗan majalisar yankin ya iso da motoci huɗu. Aka kifa masa hular kwano sabuwa fil, ya ɗaga bulo ɗaya, aka ɗauki hoto, ya mayar da shi inda ya ɗauko. Wani dattijo a gefenta ya ce bulon nan ya yi sa'a, yau babban mutum ya taɓa shi. Ita ko murmushi ba ta yi ba.

Kafin azahar 'yarta ta miƙo mata waya. Ɗan majalisa ya rubuta a shafinsa cewa an ceto kowa, yana godiya ga Allah da jami'ai. A ƙasan saƙon sai sa albarka ake yi, har da masu roƙon ya zarce. Da la'asar direban motar haƙa ya kashe injin, ya ce daga sama aka kira shi, aiki ya ƙare.

Ta sa yarinyar ta ɗora hoton kawunta a ƙasan saƙon. Ko minti goma bai yi ba aka cire. Suka sake. Daga nan shafin ya daina buɗe musu.

Washegari mai ɗinkin ta je ofishin ɗan majalisar. Aka tura ta wani ɗaki mai sanyi, wurin wata budurwa da wayoyi uku a gabanta, ita ce mai yi masa rubutun. Ta saurare ta har ƙarshe, ta ba ta ruwa.

"Inna, ba zan iya gogewa ba. Mutum dubu ashirin sun yaɗa shi. In muka janye, 'yan adawa cinye mu za su yi."

"To ƙanena fa?"

Budurwar ta sunkuyar da kai, ta ce za ta gwada saka shi a saƙon mako mai zuwa, in oga ya yarda.

Da mai ɗinkin ta koma bakin ɓaraguzan, an kewaye wurin da kwano. Abokan aikin ƙanenta su biyar sun ɓalle gefe guda, suna haƙa da shebur da hannu. Ta gyara ɗaurin zaninta ta shiga layin miƙa bokiti. A rana ta shida wari ne ya nuna musu inda za su nufa.